Yadda "me za a dafa yau?" ta maida ni mai haɗa manhaja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai Bakabiya ce, a Argungu aka haife ni nan na girma, aure ne ya kawo ni Birnin Kebbi a 2019, muna zaune a Badariya ni da maigida da mahaifiyarshi da muke kira Inna, da ƙaninshi, da ƙanwata da nake riƙo, sai yaranmu biyu. Mu bakwai kenan kullum a kan tukunya ɗaya. Na daɗe ina so in bada labarin nan amma kunya nake ji don wani zai ce to meye abin labari a cikin tuwo da miya, sai da wata ƙawata ta matsa min tace ke dai rubuta, wadda ta taɓa tsayawa a tsakar gida da kuɗin cefane a hannu ta rasa me zata aika a sayo ita zata gane.

Wlh a zaman aurena ba wanki ne ya fi gajiyar da ni ba, ba shara ba, ba rainon yara ba. Tambayar nan ce ta safe. Maigida zai fita wajen aiki, malamin makaranta ne, ya ajiye kuɗin cefane a kan firij ɗin da ya fi shekara bai yi sanyi ba, in ce mishi Malam me za a dafa yau? Yace duk abinda kika ga dama. In je wajen Inna in gaishe ta in tambaye ta, tace "ɗiyata abin da kid dahwa shi za mu ci". To shikenan an bar ni da zaɓi, amma fa ba a bar ni da gaske ba, don da daddare in na ajiye tuwon masara miyar kuka sai ƙanin mijin nan nawa ya ɗaga faifai ya leƙa ya rufe yace Anti yau ma? Maigida ba zai ce komai ba sai dai in ga loma uku ya wanke hannu, Inna kuma tace hala ba a samu guro ba a kasuwa. Kowa bai da ra'ayi da safe, kowa malamin girki ne da dare.

Haka muke ta lallaɓawa har 2023. Duk wanda ke ƙasar nan ya san abinda ya faru ranar 29 ga Mayu da Shugaba Tinubu yace tallafin mai ya tafi, kafin a ce me litar fetur ta haura naira 500, komai ya bi ta. Mu nan Kebbi mutanen waje gani suke shinkafa a ƙofar gida muke ɗiba, tunda a nan Buhari ya zo ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a 2015, ga shinkafar Lake Rice da Kebbi ta yi da haɗin gwiwar Legas, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi ga WACOT a garinmu Argungu. Eh ana noma ta kam, maigida ma yana ɗan taɓa noman rani a fadama, amma wanda ya noma da fetur yake ban ruwa, kuma buhun da ya shigo gida ba ya kai mu wata shida. Kuɗin cefanen da a da nake sayen tumatur da tattasai da kifi har in rage na omo, sai ya zamana in na sayi mai da magi ya ƙare. Tambayar safe ta ƙara nauyi, don yanzu ba abinda rai ke so ake nema ba, abinda dubu biyu zata iya ɗauka wa mutum bakwai ake nema.

Abinda da yawa ba su sani ba, na yi difloma a fannin kwamfuta a Waziri Umaru Poly, na gama 2018. Amma gaskiya tunda na yi aure takardar na cikin akwati ƙarƙashin atamfofi, abinda ya rage min a kai bai wuce buga rubutu da sauri ba. Wata rana da daddare an kawo wuta ina guga, ƙanin maigida na zaune yana kallon wani bidiyo a YouTube na wani abu wai shi MIT App Inventor, yana so ya yi furojet ɗin makaranta da shi. Na leƙa naga mutum yana jawo wasu 'yan akwatuna masu launi yana manna su da juna kamar mai jera bulo, yana gamawa waya ta yi abinda yace. Nace kai wannan ai ko ni zan iya. Yayi dariya yace Anti ki dai iya miyar taushe tukun. Ku da kuka san wasan ƙanin miji kun san bai faɗa don cin fuska ba, amma maganar ta zauna min, a daren na karɓe laftof ɗinshi, wata tsohuwa da batirinta ya mutu sai da wuta take tashi.

Shi App Inventor ɗin kyauta ne, Google ne suka fara shi daga baya ya koma hannun jami'ar MIT ta Amurka, a burauza ake buɗe shi, gefe ɗaya ki zana fuskar manhajar ki sa maɓalli da hoto, ɗaya gefen ki haɗa bulullukan da ke cewa idan an taɓa kaza a yi kaza. Akwai wata 'yar manhaja da ake saukewa a waya, duk abinda kika canza a kwamfuta nan take zaki gan shi a wayar. Data yake ci kam, kuma ni sai an kawo wuta nake aiki, wani lokacin ƙarfe ɗayan dare ina ji fanka ta motsa zan zare jiki daga wajen yara in fito falo. Maigida har ya fara zargin ko wani abu ke damuna.

Na farkon da na haɗa abin dariya ne. Na rubuta sunayen abinci 34 duk wanda ya faɗo min a rai, na sa wani faranti mai juyawa da kibiya a samanshi, ki taɓa ya yi ta juyi ya tsaya a kan ɗaya. Akwai bulo guda da aikinshi kenan, ya ɗauko abu ɗaya daga cikin jeri ba tare da duba komai ba. Ranar da ya fara aiki na yi tsalle kamar yarinya, na ruga ɗakin Inna nace Inna taɓa nan. Ta taɓa da ɗan yatsanta mai lalle, ya juya ya juya ya tsaya a kan sinasir da farfesun kaza. Ranar 24 ga wata fa. Ta kalle ni ta kalli wayar tace "ɗiyata wayag ga taki ta san kuɗin kaza kuwa?" Muka sake, ya kawo funkaso da miyar taushe, muka sake ya kawo soyayyar shinkafa da hanta. A ranar tuwon dawa muka ci da miyar guro busasshe, ni kuma na kwanta da haushi.

Sai ga Kawu, yayan Inna, ya zo daga Jega gaishe ta, mutum ne mai karatu sosai. Yara suka kai mishi wayar suna ɗoki, ya kalli farantin nan yana juyawa ya ɓata fuska yace wannan ai irin abin 'yan cacar nan ne da ke kafa teburi bayan kasuwa. Gabana ya faɗi. Na durƙusa nace Kawu ba kuɗi ake sawa ba, ba kuma wanda ke ci ko a cinye shi, abinci kawai yake zaɓa. Yayi shiru can yace to in haka ne ƙuri'a ce, ita kuma ƙuri'a tana da asali, ya kawo hadisin Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo wa da ita za a tafi. Amma yace shi dai siffar ce ba ta kwanta mishi ba, bai so idon yara ya saba da ita. Na ji haushi a lokacin don kwana tara na yi kafin farantin nan ya yarda ya tsaya daidai kan kibiya, amma na cire shi, kuma cirewar ce ta gyara komai.

Abinda na sa a madadinshi daga tsakar gidanmu na ɗauko shi. Akushi uku ne a jere kowanne an rufe shi da faifai, ki girgiza wayar su cakuɗe da juna suna ƙwaram ƙwaram, sai ki taɓa ɗaya faifan ya ɗage ki ga abinda ke ciki. Waya tana da wata na'ura a cikinta mai jin motsi, ita ce ke juya miki sikirin in kin kwantar da wayar, da ita na yi amfani. Da farko na sa ta tana ji da yawa, wata rana na manta manhajar a buɗe na jefa wayar a jaka na hau kabu-kabu zan je babbar kasuwa, duk ramin da muka faɗa sai akussa su hau ƙara daga cikin jaka, ɗan kabu-kabun har ya tsaya ya duba ko wani abu ne ya kwance a mashin ɗinshi. Na dawo gida na rage mata ji.

Hotunan kuma da na ɗauko a intanet duk na goge. Kyau suka yi yawa, tuwo fari fat a farantin tangaran da ganye a gefe, wa ke cin wannan a Badariya? Kuma suna da nauyi, mafi yawan matan da na sani Itel ce ko tsohuwar Tecno a hannunsu, kullum waya na kukan ta cika. Sai na koma duk abinda na dafa in ɗauke shi hoto a kwanon da muke ci kafin a taɓa, in rage girman hoton. Wata biyu ba mai sa hannu a abinci a gidan nan sai na ɗauki hoto, har ɗana ƙarami ya koyi cewa Mama an ɗauka? kafin ya ci.

Amma babban aikin ba a hoto yake ba, a kan maganar Inna yake, wato waya ta san kuɗin kaza. Na zauna da littafin makarantar ƙanwata na rubuta yadda ni kaina nake tunani da safe, sai naga ashe kafin sunan abinci ya zo min akwai tambayoyi da nake wucewa ban ma lura ba. Me ke cikin gida, shinkafa ce ko dawa ko masara ko wake? Nawa aka bari? Da me zan dafa, don wake a kan gas asara ce, in za a yi garau-garau ko alale sai ranar da akwai gawayi ko itace. Me aka ci jiya da shekaranjiya? Sannan lokaci, da damina tumatur ɗanye sai mai hali sai dai kauɗa, amma ga guro ɗanye ga sure ga rama ko ina, da kaka kabewa ta fito miyar taushe ta yi sauƙi, da rani in albasar Aliero ta shigo kasuwa sai ki ga har mai ƙaramin ƙarfi na soya miya da albasa son ranta. Duk wannan mace na lissafa shi tana shara tana goyo, ba wanda ya taɓa ce mata aiki take.

Na mayar da su cikin manhajar ɗaya bayan ɗaya. In kin buɗe zaki fara taɓa abubuwan da kike da su, sannan ki zaɓi halin aljihu, guda uku na sa: "an yi albashi", "da dama-dama", sai "wata ya yi nisa". Kowane abinci na rubuta mishi kayan da yake buƙata da ajin da yake, manhajar ta tace ta fitar da waɗanda za su yiwu kawai, daga cikinsu ne ake zuba uku a akussan. Akwai wani ɗan ma'aji da ake kira TinyDB da ke ajiye bayani a cikin wayar kanta, da shi take tuna abinda aka ci kwana uku baya don kar ta maimaita, kuma ba ta buƙatar data ko kaɗan. Girgiza uku kawai take bari a rana, in ba haka ba mutum zai yi ta girgizawa ne har sai abinda ke ranshi ya fito, to ina amfanin.

Muryar kuwa ta Inna ce. Na lallaɓe ta da goro na ɗauki maganarta a waya, in aka buɗe akushi mai nama sai a ji ta rangaɗa guɗa, in tuwon dawa ne da kuka sai a ji tace "to yau hwa sai haƙuri", in ɗanwake ne tace "a tanadi ruwan sha". Da farko ta ƙi wai muryarta zata shiga duniya, yanzu in baƙi suka zo ita ke cewa a kawo wayar su ji.

Abinda ban taɓa tsammani ba shi ne yadda ƙorafin dare ya mutu. Bayan sallar asuba in an sha koko sai a miƙa wa ɗaya daga cikin yara wayar ya girgiza, kowa na kallo, abinda ya fito shi ne. Ranar farko da ƙanin maigida ya ɗaga faifai da dare ya buɗe baki zai ce yau ma, Inna ta riga shi tace "kai rufa muna baki, gabanka ɗanka yab buɗe akushin, wayag ga tac ce". Aka yi dariya ya zauna ya cinye tas. Tuwon nan dai shi ne wanda aka saba, hannun da ya tuƙa shi ma bai canza ba, laifin ne kawai ya tashi daga kaina ya koma kan abinda ba ya jin haushi. Har maigida da ba ya magana yanzu shi ke cewa a ba shi ya girgiza, kuma tunda shi ma yana ganin inda ake taɓa "wata ya yi nisa" da idonshi, wani lokacin sai in ga ya ƙara ɗari biyar a kan firij ba tare da na roƙa ba.

Maganar sa ta a Play Store na bincika, ana biyan dala 25 sau ɗaya, kuma a lokacin, daga ƙarshen 2023 zuwa ƙarshen 2024, sabon mai rajista sai ya samu mutum 20 sun gwada manhajar kwana 14 kafin a sake ta. Mutum 20 ba matsala ba ne, matan islamiyyarmu ma sun fi haka, dalar ce babu, kuma katin bankina a lokacin ba ya biyan komai na waje. Sai na fitar da fayil ɗin APK, wato wanda ake sa manhajar a waya da shi, na riƙa tura shi ta WhatsApp, a gidan biki kuma ta Xender. Wahalar ita ce in za a sa ta waya sai ta yi gargaɗi da Turanci cewa ba a san inda abin ya fito ba, mata su tsorata su ce Maman yara ba dai irin abin kwashe kuɗin asusu ba ne ko? Sai na yi saƙon murya na minti biyu ina bayani, shi nake haɗawa da fayil ɗin.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, 'yarta ta sa mata manhajar don yaran suna jin daɗin muryar Inna. Wata ranar Laraba da la'asar ta turo min saƙon murya tana dariya, irin dariyar nan da kin ji kin san ba ta daɗi ba ce, tace Maman yara abin naki ya lalace, na taɓa gero da gishiri da tsamiya na girgiza sai ya rubuto wani Turanci ya rufe kanshi, ko dai ita ma wayar ta ga babu ne. Na gane abinda ya faru nan take. Bulon nan mai ɗauko abu daga jeri in ya tarar jerin ba komai sai ya tsaya ya fito da saƙon kuskure, ni kuma duk abincin dare da na rubuta ba ko ɗaya da za a iya yi da gero da tsamiya kaɗai. Na rubuta sinasir, na rubuta alkubus, amma ban rubuta kunu a matsayin abincin dare ba alhali ni kaina a gidanmu Argungu mun sha kwana a kan kunun tsamiya in damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa. Kunya ce ta hana ni rubutawa ko mantuwa, wlh har yau ban tantance ba. Na zauna a bakin murhu na yi kuka, sannan na zuba abinda ya samu a kwano na ba ƙanwata ta kai mata ta ƙofar baya.

A daren ba a kawo wuta ba, sai da na biya aka jona min laftof a shagon mai cajin waya washegari. Na ƙara kunun tsamiya, kunun kanwa, faten tsaki, kwaɗon rama, kwaɗon tamakka da ƙuli, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, hoce, miyar lami wadda ba nama ba kifi sai daddawa, tuwon jiya da aka ɗumama. Duk na ɗauke su hoto da kyau kamar sauran, kuma na sa Inna ta yi wa kowanne magana mai daɗi, na kunu cewa ta yi "wanga shi ar riƙon ciki". In kuma duk da haka ba abinda ya fito, ba Turanci kuma, akushin zai buɗe wayam a ji Inna tace "Allah shi kawo buɗi, leƙa maƙwabta kak ki ji kunya". Sau huɗu muka ɗauki wannan don muryarta rawa take.

Yanzu abinci 81 ne a ciki. Da azumi na ƙara ɓangaren buɗa-baki da sahur, shi ya fi yawo ma, har Kano da Kaduna ya kai ban san ta hannun wa ba, sai ga saƙonni wai menene guro, menene sure, menene tamakka. Dole na sa kowanne da suna biyu, guro kuɓewa, sure yakuwa, tamakka zogale, amma namu na sa a sama. Wata daga Yauri ta yi min faɗa wai miyar kifi kala ɗaya na sa kamar ba 'yar Argungu ba, garin da tun 1934 ake taruwa kamun kifi ana fito da giwan ruwa daga kogin Matan Fada, ta yi gaskiya na ƙara uku. Wata daga Zuru ta ce zata turo min nasu da hotuna ina nan ina jira. Kuɗi dai ban samu ko sisi daga manhajar ba, wani ya ce in sa talla na ƙi don talla sai da data, amma wata makarantar kuɗi a unguwarmu da suka ji labari sun ɗauke ni ina koya wa yara kwamfuta Talata da Alhamis, takardar nan ta fito daga ƙarƙashin atamfofi.

Yau da safe 'yata ce ta girgiza, 27 ga wata, shinkafa ta ƙare sai dawa da guro busasshe da ɗan kifi banda da Gwaggona ta aiko daga Argungu. Ta buɗe akushin tsakiya, tuwon dawa miyar guro. Ƙanin maigida yace a sake ai saura biyu, aka sake, ta buɗe na dama, faten tsaki. Yace a'a a koma na farko. Inna tace ba a komawa. Yanzu haka tsakin na jiƙe a roba, bari in je in tsinke sure kafin yara su taso makaranta.